Filin da Tela Ya Rufe

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Tela ya dawo daga filinsa, takalmansa duk jar laka. Ya zauna a tsakar gidan hayarsu yana ba matarsa labarin aikin yini, ita kuwa tana ta cewa “to” ba tare da ta ɗago ba. Tun da ya sayi filin nan a bayan gari ba shi da wata hira. Ko wuyan riga yake auna wa mutum sai ya sako zancen yadda aka sare ƙayoyi, aka tumɓuke kututture, aka baje tudu, aka kafa turaku aka ja igiya. A ranar ne aka gama zuba kankare a ramin harsashin ginin. Auta, 'yarsu ɗaya da ta rage a gabansu, tana gefe tana wanki tana tsokanarsa, wai Baba ya fi son filin nan a kansu.

Sai tsakuwa ta faɗo a kan kwanon rufi. Suka ce yaran maƙwabta ne. Ta biyu ta faɗo, ta uku ta gangaro har gaban tabarma. Tela ya ɗauka, ya ji ta da sanyi, ga ɗanyen siminti manne a jikinta, alhali babu mai gini a duk layin. Ya jefa ta a aljihu.

Daga ranar, magariba ta zame musu abin tsoro. Da haske ya fara janyewa sai jifa ta kama, a hankali, kamar mai jifan ba ya gaggawa. Bayan jifar sai kukan jariri, siriri, ba a ɗaki ba kuma ba a waje ba. Maƙwabta suka rantse ba sa jin komai. Kullum kukan sai ƙara raunana yake, har wata magariba suka kasa kunne ba su ji shi ba, matar Tela ta yi ajiyar zuciya ta ce abin ya wuce.

Washegari Auta ta daina magana. Ta tashi ta kama bangon ɗaki tana shafawa da tafin hannu, tana zagayawa, ta wuce ƙofa a buɗe kamar ba ta gan ta ba. Haka ta yini har yatsunta suka fashe. Uwar ta rungume ta, ta ture ta da ƙarfin da ba na yarinya ba. An kai ta asibiti, aka auna komai aka ce lafiyarta ƙalau. Tela ya bar shago, ya bar filin, ya zauna a bakin ƙofa yana kallon 'yarsa tana ramewa a tsaye. Bai taɓa sanin tsoro irin wannan ba.

Matarsa ce ta nemo Malam, wani dattijo mai sanyin murya da aka sani da karatu a kan masu irin wannan lalura. Ya zo bayan la'asar, ya zauna ya fara karatu, bai ɗaga murya ba. Can Auta ta tsaya cak, ta juyo. Muryar da ta fito daga bakinta ta babbar mace ce, dusasshiya, irin ta wadda ta gaji da kuka.

“Ka daina ƙona ni, Malam. Ka tambayi wancan abin da ya yi.”

Malam ya dubi Tela. Da kyar Tela ya haɗa maganar. Ranar da aka zuba kankare, bayan magina sun tashi, ya tsaya shi kaɗai ya bi harsashin yana addu'a yana tofawa, kusurwa zuwa kusurwa, har ya dawo inda ya fara. Shi mutum ne da ba ya barin ɗinki da baki a sake, don haka ya ƙara taku kaɗan ya haɗe zagayen. Malam ya sunkuyar da kai, ya ce addu'a ba laifi ba ce, sai dai a sabon fili akan yi sallama, a bar gefe guda a buɗe har mazauna wurin da ido ba ya gani su kwashe nasu.

“Ruwa na fita nema,” in ji muryar. “Na bar ɗana a kwance a tsakiya. Na dawo na rasa ta inda zan shiga. Ya rufe nawa, na riƙe tashi.”

Aka daɗe ana ja. Ta ce a bar mata filin gaba ɗaya, Malam ya ce mutumin bai san da ita ba, kuma yarinyar ba ta rufe kowa ba. Ta ce to wanda ya rufe ya buɗe da hannunsa, ba ɗan ƙwadago ba. Tela ya amsa tun kafin a tambaye shi. Malam ya ce saura guda: ta rantse da Wanda ya halicce su duka za ta saki yarinyar, ko me ta tarar a ciki. Idon Auta ya cika da hawaye, sannan ta rantse.

Suka isa filin rana na gab da faɗuwa. Auta ta tafi kai tsaye ta nuna gefen yamma. Tela ya ɗaga guduma da hannun da bai san komai ba sai almakashi, ya dinga dukan kankaren da ya yi shekaru yana mafarkinsa. Tafinsa ya kumbura ya fashe, bai tsaya ba, har wuri ya buɗe daidai shigar mutum. Malam ya tsaya a bakin wurin ya yi sallama.

Auta ta shiga da gudu. A tsakiyar filin ta durƙusa, ta sa hannu biyu ta ɗago wani abu da ba wanda ya gani, ta kai shi ƙirjinta. Ta jijjiga shi. Ta kara kunnenta. Ta sake jijjigawa, a hankali wannan karon, sannan ta daina. Tela ya ji gudumar ta zame daga hannunsa, domin ya gane jaririn ya mutu, kuma ya san yanzu babu abin da ya tsaya tsakanin 'yarsa da fushin wannan uwa sai rantsuwa.

Ta daɗe a durƙushe. Da ta ɗago, shi ta kalla.

“Zo ka karɓi taka, Tela. Ba zan so wata ta ji abin da nake ji ba.”

Jikin Auta ya saki, Tela ya ruga ya tare ta kafin ta kai ƙasa. Auta ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce “Baba” da muryarta ta kullum. Matar Tela, wadda ta biyo su filin, ta taho da gudu tana hamdala da ƙarfi, tana kuka tana dariya. Malam ya ɗaga mata hannu.

“A sassauta murya,” ya ce. “Ana makoki a nan.”