Ya Wuce Baba A Tsaye

Gwaggo Baturiya tana tsakar yi mini wankan jego Baba ya shigo gida ba sallama. Ina durƙushe a bayan ɗaki, tana tsoma ganyen tsamiya cikin tafasasshen ruwa tana fyaɗa mini a baya, sai muka ji ya jefar da sandarsa a tsakar gida.

"Baturiya, ki gaya wa yarinyar nan ta gyara zama. Ba inda za ta koma."

Gwaggo ƙanwar Baba ce. Ita ta riƙe ni tun rasuwar innata, kuma ita kaɗai ke iya mayar masa da magana. Ta leƙa da ganye a hannu.

"Lafiya, Yaya? Ba kasuwar Agiye ka ce za ka ba?"

"Da wane idon zan shiga kasuwa? Muna tafe bisa jakuna, ni da abokina Jika da mutane, sai ga wani ya ɓullo da wando iya cinya, ba riga ba hula, yana zuba gudu ba mai korarsa. Na ce, Jika kauce, mahaukaci ne. Ya ce, Labo, duba da kyau, surukinka ne."

Na ji ruwan zafin nan ya koma sanyi a jikina.

"Ya zo daf da ni, ya dube ni, ya ɗaga mini hannu. Hannu, Baturiya, kamar ni abokin kokawarsa ne. Ya wuce ni a tsaye. Har yanzu Jika bai gama dariya ba, wai ashe barewa na ba ɗiyata."

A wurinmu, suruki ko daga nesa ya hango uban matarsa, sauka yake yi gefen hanya ya durƙusa ya gaida shi, kuma ba ya tashi sai an sallame shi. Wannan ko yaro ya sani. Gwaggo ta dawo ta ci gaba da fyaɗa mini ganye, har da ƙarfin da ya wuce na ɗazu.

Haihuwar fari ce ta kawo ni gida, a daminar da ta biyo bayan samun 'yancin kai. Gidanmu yana bakin Cadawa ta gabas, kan hanyar mota. Maigidana kuwa, Hayatu, Allah ya jiƙansa, ban taɓa faɗin sunansa da bakina ba yana da rai. Ya ɗan yi lakol, wato makarantar boko, yana yaro, a can ya fara gudu, kuma bai daina ba. Da aka ce za a yi tsere ranar bikin 'yancin kai, samarin garuruwa su taso daga Agiye su ƙare a filin lakol na Cadawa, sai mushe Garba, malamin lakol, ya ce shi ne zai tsaya wa garinmu. Tun daga nan kullum in an sallame sallar asuba sai ya kama hanya, ya dawo ya ɗauki hauya ya tafi gona.

Itacen wanka a kan miji yake. Washegari na ji ya sauke dami a bayan danga, na lallaɓa na tsaya inda kara ya yi ɗan gibi.

"Malam, me ka yi ke nan?"

"Shatu, mushe ya ce in na tsaya ƙafa za ta huce. Na ce bari in ɗaga hannu, in na dawo in zo in gaishe shi sosai."

"Mushe ne ya haife ni?"

Can ya ce, "Ba ki san yadda abin yake ba. Da fari wahala ce, ƙirji yana zafi, zuciya tana ce maka koma. Amma in ka wuce rijiyar Fulani sai jiki ya saki. An yi ruwa, yashi ya kwanta, hatsi dama da hagu ya kai ƙugu, ba ka jin komai sai numfashinka da ƙafarka. Ba kai ke gudun ba, hanyar ce ke zuwa. A lokacin nan ko sunana aka tambaye ni sai na yi tunani."

Ina jin haushinsa, amma fuskarsa da na gani ta gibin nan ta hana ni faɗa. Mutum ne marar magana. Shekara guda muna ɗaki ɗaya ban taɓa jin ya jera zance mai tsawon wannan ba.

"To, ga shi hanya ta zo da Baba," na ce.

Ya aiko kawunsa Magaji da goro a ba da haƙuri. Ina ɗaki ina jin su a zaure. Baba ya bari ya gama, sannan ya ce, "Magaji, a gaban mutane aka yi mini, kai kuma ka zo cikin zaure. Mayar da goronka. In yana son matarsa, ya sa riga ya zauna kamar magidanci, kada in sake jin an gan shi yana gudu. In kuwa gudun ya zaɓa, ya sawwaƙe mata."

Na yi arba'in. Gwaggo ta riga ta yi dakan yaji, ta wanke mini zannuwa, ta ɗaure kayan komawa. Suka zauna a kusurwar ɗaki har gizo ya fara saƙa a kansu. An gama wanka, ba itacen da za a kawo, sai Baba ya hana maigidana zuwa ko bayan danga. Ni ma ya ce kada in taka zaure. Duniyata ta koma daga ɗaki zuwa madafa, daga madafa zuwa gindin turmi. In na goya yaro na zagaya tsakar gida, kafin ya yi barci na taɓa kowace kusurwa har na gaji da ganinta. Matan unguwa su shigo barka, su ce, "Af, har yanzu kina nan?" su kalli juna.

Da asuba nakan kasa kunne. A da, in ya wuce ta ƙofar gidanmu ina gane sawunsa, sassauƙa, kamar ana tafa hannu a hankali. Yanzu shiru. Ya daina. Ya zaɓe ni ke nan, ya kamata in yi murna. Amma Baba bai ce in koma ba. Ya ce sai biki ya wuce ya gani da idonsa.

Wata safiya Gwaggo ta dawo daga rijiya ta sauke tulu da ƙarfi.

"Na ga mijinki. Ya sa wata riga ta ubansa, yana zaune ƙofar gida kamar wanda aka yi wa mutuwa. Maigari ya aika masa, mushe ya je, samari sun ce ya sayar da gari saboda mace. Ba ya amsa wa kowa." Ta rage murya. "Ke, in Yaya ya tafi gona, ɗauki ɗanki ki bi ta baya. In kin shiga ɗakinki wa zai fito da ke? Ni zan ce barci nake."

Wallahi na so. Har na saɓa goyo na tsaya a ƙofar baya, ina ganin hanyar da za ta kai ni. Sai na tuna Baba shi kaɗai ya rage mini, kuma in na fita haka, dariyar da Jika zai yi masa ta fi ta farko. Na koma na kwance goyon na zauna ina kuka. Gwaggo ta ce, "Kin ga irinta. Taurin kan gidan nan duk iri ɗaya ne."

Ana jibi biki na roƙe ta ta kira mini maigidana, ko sau ɗaya. Baba yana gona. Da ya zo bayan danga ban gane tafiyarsa ba, jan ƙafa yake.

"Malam, ka rame."

"Ƙafafuna ne ba sa barina barci. Amma ba komai. Jibi in ya wuce shi ke nan."

"In ya wuce, sai in koma in tarar da wa? Wannan da ke tsaye?"

"To ya kike so in yi, Shatu? Kin ji abin da ya ce."

"Na ji. Ka je ka yi gudunka. Ni ba zan fita ba sai Baba ya ce in fita, kuma ba zan karɓi saki ba ko shekara nawa zan yi a nan. Abin da zan iya ke nan."

"In ya rantse fa?"

"Sai mu jira ya huce. Ai ni zama na iya."

Ya sa yatsa ta gibin ya taɓa ƙafar yaron, ya tafi.

Ranar biki tun da safe ake kiɗa a filin lakol. Mutane sun cika bakin hanya. Baba ya sami labari motar kumandan, babban jami'in mulkin yankin, ta kwashi masu tsere zuwa Agiye, har da surukinsa. Bai yi faɗa ba, wannan ya fi ba ni tsoro. Ya ɗauki buzunsa ya fita ƙarƙashin itacen bedin ƙofar gida inda ya saba zama, ya juya wa hanya baya, yana jan tasbaha. Jika ya zo ya zauna kusa da shi. Ni da Gwaggo muka manne a danga, kowa da gibinta.

Rana ta ɗaga kafin wani jandarma ya wuce bisa doki yana korar mutane gefe. Sai guɗa ta tashi daga gabas. Na hango shi. Shi ne a gaba, shi kaɗai, jikinsa yana sheƙi, kansa a miƙe. Ban taɓa ganinsa yana gudu da idona ba sai ran nan. Bai yi kama da mai wahala ba. Na gane abin da ya gaya mini.

Da ya zo daidai bedin, sai ya sauka daga hanya. Ya ratsa mutane, ya zo gaban buzun Baba ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ƙirjinsa yana hawa yana sauka.

"Baba, ina kwana."

Baba bai ɗago ba.

"An tashi lafiya, Baba?"

Wani dogon yaro ɗan Gazawa ya wuce a hanya. Samari suka fara ihu, tashi, tashi. Bai ko waiwaya ba.

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya," Baba ya ce, can cikin maƙoshi.

"Ya damina?"

"Labo," in ji Jika, "ka sallame shi mana."

"Ni na ce ya tsaya?"

"Ya iyali, Baba?"

Wani ya sake wucewa, ɗan Agiye. Na ga tasbahar Baba ta tsaya. Ya saci kallon hanya ta gefen ido. Ga wasu biyu can suna tafe, mutanen Agiye da suka biyo su suna ta yi wa Cadawa dariya, wani yana cewa a kawo wa ɗan garin tabarma ya huta.

"Ya jikin tsufa, Baba?"

Baba ya miƙe tsaye, hularsa ta faɗi.

"Kai, wane irin jikin tsufa? Ɗan Agiye ya wuce ka kana tambayata tsufa? Tashi. Na sallame ka. Na ce na sallame ka, tafi!"

"Na gode, Baba," ya ce, sannan ya zabura.

Baba ya bi bayansa har tsakiyar hanya, yana tattare riga yana ɗaga sanda, yana faɗin, "Kamo shi, ɗan nan, kamo shi." Jika ya tsince hular yana dariya har da hawaye. Gwaggo ta zauna daɓas a ƙasa ta ce ita dai yau ta ga abin da ba ta taɓa gani ba.

Maigidana ya kamo ɗan Agiye a bakin fili. Ɗan Gazawa ya riga ya shiga.

Da la'asar Baba ya dawo, muryarsa ta dushe. Na kai masa fura na durƙusa. Ya sha, ya ajiye ƙwarya, ya yi magana da Gwaggo kamar ba na wurin.

"Wane irin sakarai ne zai tsaya gaisuwa a tsakiyar tsere? Da ya ci, wallahi. Ya ba su rata mai yawa."

"Irin wanda ka ce kana so ne, Yaya."

Ya harare ta. Ya ɗan jima yana juya ludayi.

"Kayan yarinyar nan a ɗaure suke? Ku raka ta kafin magariba. Kuma a gaya masa baɗi in ya gan ni a hanya ya ɗauka bai gan ni ba. Na yafe masa gaisuwar ranar biki. Ta ranar biki kaɗai."

Haka na koma ɗakina, da rakiya, ta ƙofar gaba.

Ba mu daɗe ba. Damina huɗu muka ƙara tare, sanƙarau ya shigo gari da bazara ya ɗauke shi. A cikin waɗannan shekarun bai fasa gudu ba, ni kuma nakan ajiye masa ruwa a randa mai sanyi in jira ya dawo ya ba ni labarin hanya. Ranar da aka kai shi, Baba ne ya shiga kabari ya karɓe shi da hannunsa, kuma har yau ba a ambatar tsere a gabansa.

Ina faɗa wa 'yan mata masu tasowa: in iyaye suka tsaya tsakaninku da wanda kuke so, kada ku fita ta ƙofar baya, kada kuma ku ce wa mutum ya kashe abin da ke raya shi don ya same ku. Ku yi haƙuri ku tsaya inda kuke. Shekarun da Allah ya ba ni tare da maigidana kaɗan ne, amma na ci su da albarkar ubana, kuma da mijin da na aura, ba da wanda ya sa rigar ubansa ya zauna ƙofar gida ba.