Takalman Makaɗi

Da hantsi aka tsinci gawar Uzair makaɗi a gefen titi a unguwar Rusaifa ta Makka, ƙafafunsa ba takalmi. Kafin azahar uwarsa, Gwaggo Na'ima, ta tsaya ƙiƙam a gaban Insifekta Bandar, Bahaushe haihuwar Makka.

"Ina iƙamarki, Hajiya? Takardar izinin zama."

"Babu. Tun kana goye nake garin nan."

"Kin san in na buɗe ƙarar nan da sunanki, gida za a mayar da ke?"

"Na sani, ba jaka ba ce ni. Kai dai kamo mini wanda ya yar mini da ɗa kamar mushe."

Ta bi shi har ɗan gidan abincin Tijjani Zali, inda ake jera wa baƙi tsire da sambusa da ful a ƙananan farantai, nan ne kuma Uzair yakan zauna kan kafet yana kaɗa musu ganga yana waƙa.

"Wallahi jiya bai zo ba," in ji Tijjani. "Miskin, mota ta kwashe shi."

"Wa ya ce maka mota? Likita bai ga karaya ba, sai ƙuna a tafin hannu."

Tijjani ya shiga gyaran farantan da ba su karkace ba.

Bandar ya zagaya wajen murhu. Ga ganga jingine kusa da toka, fatarta ta ƙone ta tsage. Ya dubi Awwal mai gasa nama.

"Wa ya ajiye ta nan?"

"Shi yake ɗumama ta a garwashi kafin ya fara, don ta yi amo."

"Tun yaushe take nan?"

"Tun... shekaranjiya."

"Ƙarya kake, ɗan nan!" Gwaggo ta daka masa tsawa. "Jiya da la'asar a kafaɗarsa ta fita daga gidana!"

Bandar ya tsuguna a bakin kafet, inda ake tuɓe takalma. Ya jawo wasu silifa daga ƙarƙashin benci. Gwaggo ta fizge su ta rungume. Kusa da bencin wayar makirfo ce, an naɗe ta da sabon salatif.

"Wanda bai zo ba ya bar takalmansa, Tijjani?"

Tijjani ya sulale kan kujera.

"Makirfon ya ɗauka zai gwada, wuta ta ja shi. Muka kai shi sito. Ba shi da takarda, ya Bandar. In na kira motar asibiti, rufe mini wuri za a yi."

"Yana numfashi?"

"Yana nishi. Baƙi sun fara shigowa, sai na kunna musu waƙarsa da ke wayata."

Gwaggo ta matso har numfashinta na dukan fuskarsa.

"Da muryarsa ka rufe nishinsa? Suna lasar yaji suna tafi, ɗana na mutuwa bayan bango? Allah ya isa, Tijjani. Allah ya isa!"

Aka sa masa ankwa, aka tasa ƙeyarsa zuwa mota tare da Awwal, wanda ya taya shi yar da gawar a gefen titi.

Bandar ya dawo, ya kasa haɗa ido da ita.

"Hajiya, sai ki biyo mu."

Ta ƙulle silifan a bakin mayafinta.

"Bar ni in ga an sallace shi a Harami tukuna. Daga nan ku kai ni inda kuka so. Can gida ba wanda ya san ni, nan ma babu saura."