Ɗakin da Najwa Ta Raba

Ana kiran magariba a Mainika, Najwa na durƙushe gaban tsohuwar kwamfutar da ta shekara bakwai a rumbun marigayi kakanta. Sana'arta gyaran manhajar da ke tada na'ura, wadda ke raba memori, wato ma'ajiyar na'urar, tun kafin allo ya kawo haske. Memorin ya gaza. Sai ta hango ɗan yanki a taswirarsa, an rubuta kada a taɓa. Ta goge gargaɗin, ta raba wurin.

Ta kunna, allo baƙi. Ta sake, baƙi ƙirin.

A bayanta, kakarta Hajjo na jan carbi. Ta ja ƙwaya bakwai, ta tsaya, ta koma farko. Bakwai, ta tsaya. Idonta buɗe, ba ta ganin kowa. Tsakuwa ta soma sauka a kan kwanon rufi ɗai-ɗai. Najwa ta ja ƙofa, ƙofa ta ƙi.

Daga wajen taga Malam Jibirin, mai ruƙiyyar da babanta ya kira, ya yi karatu har muryarsa ta dushe. Sannan ya ce, "Wane ne kai?"

Bakin Hajjo ya motsa, muryar gajiyayyen namiji ta fito. "Ni aljani ne, amma ba mai rigima ba, Malam. Shekara bakwai ina zaune lafiya a na'urar nan. Yarinyar nan ta raba mini ɗaki kamar naman layya."

"Saki tsohuwa."

"In koma ina? Nan ma a matse nake, ko'ina sunayen jikoki."

"Najwa, kin taɓa masa wuri?"

"Megabayit biyu ne kawai, Malam."

"Mayar masa."

Hajjo, wadda ba ta taɓa zama aji ba, ta jero lambobin iyakar wurin, farko da ƙarshe. Najwa ta rubuta, ta mayar masa da wurin.

"A ɗan ƙara mini," in ji muryar.

"Abin da ka bari shi za ka tarar. Fita."

Najwa ta kunna. Rubutu ya zubo a allo, sakatar ƙofa ta zame. Hajjo ta wuce ƙwaya ta takwas, ta tambayi wa ya bar tuwo yana ƙauri.

Bayan mako guda Najwa ta duba taswirar. Megabayit biyun nan ya zama uku, ba kuma ita ta ƙara ba. Ta kai hannu za ta gyara.

"Bar shi," in ji Hajjo da muryarta ta kullum, tana tsince wake. "Matarsa ce ta haihu."