Tagogi Ukun Malam Tukur

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

A Unguwar Dosa an yi wata yarinya 'yar aji shida, jikar Malam Tukur. Malam ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Shekara biyu ke nan yana fassara wani littafin fiƙihu domin ɗalibansa.

Ɗansa Rilwanu ne ya shirya masa kwamfuta kafin ya tafi bautar ƙasa. Ya raba fuskar manhajar rubutu gida uku, kamar tagogi. Ɗaya ta Larabci, ɗaya ta fassara, ɗaya ta ƙarin bayani. Iyakar abin da Malam ya sani a kwamfuta ke nan. In tagogin suna nan, aiki ya tafi.

Ran wata Asabar Malam ya tafi Kawo ta'aziyya. Yarinya ta lallaɓa ɗakinsa, ta buɗe aikinta na makaranta a taga ta uku. Da ta gama sai ta so ta kawar da shi, kada a gane. Ta danna alamar rufewa.

Fayil ya tafi, taga ma ta bi shi. Saura biyu.

Ta sake dannawa ko za ta dawo. Saura ɗaya. Ta ƙara dannawa, sai fuska ta yi fari fat, ba ko wasali.

Bayan la'asar Malam ya dawo. Ya sa tabarau, ya cire, ya goge, ya mayar.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Hasiya, wa ya shigo ɗakin nan?"

"Ban ga kowa ba, Baba," in ji Hasiya, uwar yarinyar.

Yarinya tana bayan ƙyaure, ta yi tsit.

Aka kira Rilwanu, waya ba ta shiga. Ɗalibai suka zo karatu, suka koma. Malam ya rufe kwamfutar da ɗankwalin sallah, kamar an rufe gawa.

"Shekara biyu," ya ce a hankali. "Idon da zan sake farawa da shi kuwa babu. Wataƙila Allah bai nufa in gama ba."

Aka kawo masa tuwo, ya ce a mayar. Washegari ma haka. Ya daina tsokanar jikarsa. Ita ma ta ture nata tuwon. Duk sanda ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta tuna shekara biyun nan, ta haɗiye.

Ran Litinin a ajin kwamfuta, hawaye ya zubo mata. Malama Atika ta ja ta gefe.

"Ke, lafiya? Wa ya rasu?"

"Malama, na kashe littafin Kakana."

Ta kwashe labari duka ta faɗa. Malama ta zaunar da ita gaban kwamfuta.

"Share hawayenki. In yana adana aikinsa, littafi na nan. Rufe fayil daban, rufe taga daban. In baƙo ya tashi tafiya, rushe ɗakin ake yi?"

"A'a, Malama."

"To, ke ɗakin kika rushe. Duba nan. Ki fara dawo da fayil ɗin da kika tarar, ya zauna a tagarsa. Sannan ki je jerin fayiloli ki sallami naki. Kin ga? Taga ba ta motsa ba."

Ta koya mata yadda ake raba fuska uku. Sau biyar tana gwadawa.

"Saura mai wuyar," in ji Malama. "Kafin ki taɓa komai, ki gaya masa gaskiya."

Da ta koma gida ta durƙusa gaban Malam.

"Kaka, ni ce. Na taɓa ban tambaya ba, kuma na ɓoye. Ka yafe mini."

Malam ya dube ta.

"Shirun nan naki ya fi ɓarnar ciwo," ya ce. "Kwana biyu kina kallona."

Ta roƙi izini, ta ɗage ɗankwalin. Ta raba fuska uku, ta kirawo fayilolin ɗaya bayan ɗaya. Ga Larabci, ga fassara, ga bayani. Ko layi ɗaya bai ɓata ba.

Malam ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Sai ya fashe da dariya.

"Alhamdulillahi! Amma 'yar boko, wa ya ce miki Larabci a hagu yake zama? Mayar min da shi dama!"

Ta mayar tana dariya da hawaye.

"Hasiya!" Malam ya ɗaga murya. "Ina tuwon nan?"

To yara, kayan da ba naku ba, ku tambaya kafin ku taɓa. In kuka yi kuskure, ku faɗa da wuri, domin ɓoyewa ce ke tsawaita baƙin ciki.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan ta tsaya.