Toka a Gindin Mangwaro

Saura kwana biyu a yi bikin dashen itace na uku ga Agusta, Malama Fadimata ta ofishin noma ta faɗo komisariyar 'yan sandan Dakoro ko sallama babu.

"Sufeto, an sace 'yan mangwaron da na tsare. Talatin cikin arba'in."

Sufeto Abarci ya san zancen. Wani ɗan kasuwa, Harisu, ya shigo da dashen daga ƙetare. Ganye shar, amma da Fadimata ta tsaga kara ɗaya sai ta tarar funfuna ta baƙanta cikinsa. Ta kulle su a sito, za a ƙone.

"In sunka shiga ƙasa, lambunan garin ga duka sun tahi," in ji ta.

Abarci ya miƙe. A lambun ubansa ya girma, bai ɗauki maganar da wasa ba.

A sito, kwaɗo lafiya lau, ba a ɓalle ba. Ya tsuguna gaban goman da aka bari. Su ne waɗanda suka fara yaushi. Ƙasarsu jiƙe take, an kuma shafa wa kowane gindi toka.

Aka kawo Harisu yana ta rantsuwa cewa da takardar lafiya ya shigo da su.

"Ina takardar?"

"Ta ɓace a hanya."

Ƙarya ce tsagwaronta, amma Abarci ya dubi hannuwan nan masu laushi da ba su taɓa riƙe hauya ba, ya ce ya jira a waje.

Sai mai gadin sito, tsoho Alhusaini, wanda rabin itatuwan bakin kasuwa shi ya dasa su.

"Baba, mi ka gani?"

"Ban ga komi ba, ranka ya daɗe."

"Wa ya ba su ruwa?"

Tsoho ya ɓoye yatsunsa cikin riga. Ƙarƙashin faratansa fari fat da toka.

Abarci bai ɗaga murya ba. Ya zaɓi wanda ya fi sauran ƙwari cikin goman, ya tsaga shi da wuƙa, ya miƙa masa. Baƙi ƙirin tun daga saiwa.

"Waɗanda ka ɗauka ma haka cikinsu yake, Baba. Toka ba ta kai nan."

Tsoho ya dubi karan. "Shekara arba'in ina dashe a garin ga, ban taɓa ganin an sa wa ɗanyen icce wuta ba. Na ce in kai wa mutanen ƙauyen Mai Yara su dasa jibi."

"An dasa?"

"A'a. Suna cikin ledodinsu bayan gidana."

Aka je gidan aka ƙirga su, talatin cif. Fadimata ta sauke ajiyar zuciya. Abarci kuwa ya ji alfahari ya cika shi: garin da ɓarawonsa ma dashe ya kai shi sata!

Harisu ya amsa cewa babu wata takarda, aka tsare shi. Alhusaini ya roƙi abu ɗaya kafin a tafi da shi komisariya: a ba shi ashana.

Shi ya kunna wutar da hannunsa, ya tsaya har ta cinye na ƙarshe. Sannan ya miƙo hannuwa a sa masa ankwa.

Abarci ya girgiza kai, ya buɗe masa ƙofar gaban mota.