Hatimin Furen Auduga

Labule Abdulkabir ya zo saya wa mahaifiyarsa a kasuwar Minjibir, amma sai idonsa ya tsaya a kan yatsun mai miƙo masa kayan. Duk sun rine da shuɗi.

"Wannan aikin hannu ne ko na kamfani?" ya tambaya, don dai kada ya yi shiru.

"Ka taɓa ganin kamfani ya ɓata wa mutum hannu haka?" ta ce, tana ƙunshe dariya.

Tahira ke nan, 'yar Malam Badaru, mutum ɗaya da ya rage a ƙauyensu yana buga zannuwan gado da labule da hatimin katako. A tsoma hatimin cikin kullun rogo, a danna a kan farin yadi, sannan a rina da shuɗin baba. Duk inda kullun ya zauna sai ya fito fari tas.

Kafin wata biyu ya fara kiranta Shuɗiyata, shi kuma, da yake malamin firamare ne, take kiransa Malamina.

Malam Badaru dai bai yi na'am ba. Ba shi da ɗa namiji, burinsa ya aurar da Tahira ga Naziru, ɗan ƙaninsa, wanda ya iya rini.

"Hannun alli ne da yaron nan," ya ce wa 'yarsa. "Idan na mutu wa zai riƙe miki sana'ar?"

Da maganar ta kai kunnen Abdulkabir sai ta tsaya masa a rai. Wata Asabar da hantsi ya zo gaisuwa ya tarar Malam yana gona, Tahira na cikin gida tana girki. A rumfar aiki ya ga tsohon hatimi mai furen auduga, ya yi baƙi ƙirin. Sai neman suna ya motsa. Ya samo sabulu ya dirje shi sosai, ya shanya a kan katanga, ya tafi masallaci yana jin daɗin kansa.

Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa hatimi ba a jiƙa shi, ba a kai shi rana. Goge shi ake yi da tsumma, a shafa masa man gyaɗa, a ajiye a inuwa.

Da ya dawo bayan azahar, hatimin ya tsage daga sama har ƙasa. Ya waiga bai ga kowa ba, ya mayar da shi cikin kwandon da ya ɗauko shi, ya hau babur ɗinsa.

Washegari saƙonta ya shigo: "Malamina, hatimin Kakana ya tsage. Baba ya ce sakacina ne, ya hana ni shiga rumfa. Wallahi ban san yadda aka yi ba. Ko kallona ba ya yi."

Ya rubuta gaskiya sau uku yana gogewa. Abin da ya tura shi ne: "Ki yi haƙuri Shuɗiyata, zai huce."

Kwana tara yana wannan rashin kunyar. Ya san in ya faɗa, ya tabbatar wa Malam maganarsa, Naziru ya samu. Rana ta goma ya ganta a kasuwa, shuɗin yatsunta ya fara koɗewa. Abin da ya karya shi ke nan.

Ya durƙusa gaban Malam Badaru a rumfa, Tahira na tsaye a bakin zaure.

"Baba, ni ne. Ni na wanke shi na sa a rana. Kuma na yi shiru aka hukunta ta."

Tsohon ya daɗe yana juya hatimin a hannunsa. "Mahaifina ya sassaƙa shi kafin a haife ni. Tashi ka tafi."

Da yamma ta rubuto: "Katakon bai yi mini ciwo kamar shirunka ba. Kada ka kira ni."

Bai kira ba. Sai ya shiga zuwa wurin wani masassaƙi, Iliyasu, mai turame da alluna, kullum in an tashi daga makaranta, don ya koyi sassaƙa hatimi. Damina ta sauka, gero ya yi kai, yana nan yana ɓata katako. Ya ji labarin Naziru ya kai gaisuwar neman aurenta, ya haɗiye, don ya san shi ya jawo.

Da kaka ta shigo ya kawo hatimin da ya sassaƙa da kansa. Malam ya ɗaga shi ya duba.

"Wannan furen auduga ne ko kabewa?"

Daga zaure aka ji dariyar Tahira, wadda Abdulkabir ya yi wata huɗu bai ji ba. Malam bai yi dariya ba, tafin hannun yaron yake kallo, duk kanta da tabon wuƙa.

Ya ce, "Gobe ka zo da safe. Ke kuma koma rumfarki, ni ma na zalunce ki."

Bayan an gama girbin dawa aka ɗaura aure, dangi suka yi ta addu'ar zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. A ɗakin amarya Abdulkabir ya ga zanen gadon da Malam ya buga musu da hannunsa. Da tsagaggen hatimin ya buga shi. Kowane farin fure da siririn layin shuɗi a tsakiyarsa.

Ya sunkuyar da kai. "Baba bai yafe ba ke nan."

Tahira ta kama hannunsa ta ɗora a kan layin. "Ya yafe, Malamina. Cewa ya yi in gaya maka hatimin yana cikin akwatina. Mu ya bar wa."