Ƙwayar da Umma Ta Gani a Hannunsa

"Ba za ki aure shi ba, Auta! Na gama magana."

Auta ta saki tsintsiyar da ke hannunta. Sati uku ya rage aurenta da direban motar asibiti, mutumin da ya ɗauki Abbanta lokacin annoba, ranar da kowa ke tsoron taɓa shi.

"Umma, me ya yi?"

"Da idona na gan shi a kemis yana karɓar 'yar farar ƙwayar nan. Mai taɓin hankali zan ba 'yata?"

"Fargaba ce fa, Umma, ba hauka ba! Tun farko ya gaya min, likita ne ya rubuta masa. Shekara biyu yana kwasar marasa lafiya, wasu a hannunsa suka cika..." Sai ta tsaya cak. "Umma... ya aka yi kika gane ƙwayar daga nesa?"

Umma ta kau da kai. Can ta zura hannu cikin rigar filo, ta zaro sacet huɗu na irin wannan ƙwayar, uku duk babu komai a ciki.

"Tun rasuwar Abbanki ƙirjina ke bugawa kamar zai fashe. Maƙwabciya ce ta fara ba ni ɗaya. Yanzu sai na sha uku nake iya fita tsakar gida." Muryarta ta karye. "Na san yadda take cin mutum. Ba na so ki ƙare rayuwarki da irina."

Auta ta rungume ta, kuka ya ƙwace musu. Shekara nawa suna kwana ɗaki ɗaya, ba ta taɓa lura ba!

Da Auta ta samu kanta ta kira direban a waya.

"Sanyin idona, ka zo... Umma ce."

Ko rigar aiki bai cire ba ya iso. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya saurari komai kansa a ƙasa.

"Yau zan zubar da su duka," in ji Umma.

"A'a Umma, don Allah kar ki yanke lokaci ɗaya, akwai haɗari. A hankali likita ke rage wa mutum. Ni da biyu na fara, yanzu rabi nake sha. Gobe zan kai ki wajensa."

"Bayan abin da na ce a kanka?"

"Ai ban ji ba," ya ce yana murmushi. "Jiniya ta kashe min kunne."

Umma ta yi dariya, hawaye na zuba.

Washegari a asibiti suka tarar da bencin jiran likita a cike: malamar makaranta, tela, wani dattijo da jikarsa. Umma ta dinga bin su da kallo.

"Duk waɗannan?"

"Duk, Umma," in ji shi. "Tun bayan annobar layin ke ƙaruwa. Waɗanda suka ɓoye a gida ma sun fi yawa."

Da aka kira ta, hannunsa ta kama, ba na Auta ba.

An ɗaura auren a ranar da aka sa. Da za a tafi da amarya, Umma ta riƙo ta, ta raɗa mata a kunne:

"Jiya barcina na yi har asuba. Ki riƙe min shi da kyau, Auta. Ɗana ne."

Godiya kawai Auta take yi wa Allah, tana kuka.